Tarihin Windows XP Bayan Ƙarewar Wa'adinta

A ranar Talata, 8 ga watan Afrilu na shekarar 2014, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tsaro na ƙarshe da ya yi alkawarin bai wa manhajar Windows XP, ya kuma sanar da duniya cewa daga ranar ya ɗauke hannunsa daga kanta. Washegari miliyoyin kwamfutoci a bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati da shagunan ƴan kasuwa suka tashi kamar yadda suka saba, suka ci gaba da aiki ba tare da wata alamar canji ba. Masu ƙididdigar amfani da intanet sun ƙiyasta a lokacin cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka a duniya suna kan wannan manhaja. Abin da ya canza a ranar ba ya ganuwa a fuskar na'ura: nauyin tsaronta ne ya sauka daga kan kamfanin da ya ƙera ta, ya koma kan mai amfani da ita. Tarihin shekarun da suka biyo baya tarihi ne na waɗanda suka gane cewa wannan nauyi ya dawo kansu, da waɗanda ba su gane ba sai da aka yi musu ɓarna.

Abin da ake nufi da ƙarewar wa'adi

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke sarrafa dukkan sassanta, kuma a kanta sauran manhajoji suke hawa. Ita ce ke karɓar umarni daga allon rubutu, ita ce ke adana fayiloli, ita ce kuma ke buɗe ƙofa ga saƙonnin da ke shigowa ta hanyoyin sadarwa. Windows da Linux da macOS duk misalai ne na irin wannan manhaja. Da yake an gina ta da miliyoyin layukan umarni da mutane suka rubuta da hannu, ba ta rasa kurakurai, kuma wasu daga cikin kurakuran suna zama kafar da masu kutse ke bi su shiga.

Idan aka gano irin wannan kafa, kamfanin da ya mallaki manhajar yakan rubuta ɗan gyara da ake kira faci, ya aika wa masu amfani da ita ta intanet. Tun daga watan Oktoba na 2003 Microsoft ya mayar da wannan aiki na wata-wata, yana fitar da faci a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Ƙa'idar kamfanin a wancan zamani ita ce ya kula da manhajojinsa na kasuwanci tsawon shekara 10: biyar na farko da gyara da ƙarin abubuwa, biyar na biyu da gyaran tsaro kawai. Idan wa'adin ya cika, facin ya tsaya.

Akwai wani haɗari na musamman da ke tattare da wannan tsayawa, wanda wani jami'in tsaro na Microsoft, Tim Rains, ya yi bayaninsa a watan Agusta na 2013. Sababbin Windows sun gaji sassa masu yawa daga tsofaffin. Saboda haka duk lokacin da aka fitar da faci ga Windows 7, masu kutse za su iya warware shi su ga ainihin wurin da aka toshe, sannan su duba ko wannan kafar tana nan a XP. Idan tana nan, sun sami ƙofar da ba za a taɓa rufewa ba. Wato facin da ke kare sabuwar manhaja shi ne ke nuna wa ɓarawo hanyar shiga tsohuwar.

Yadda XP ta kafu

An fara sayar da Windows XP a ranar 25 ga Oktoba, 2001. Kafin zuwanta Microsoft yana da layi biyu na manhajoji: na gidaje, irin su Windows 98 da Windows Me, waɗanda suka yi suna wajen maƙalewa, da na ofisoshi, irin su Windows NT da Windows 2000, waɗanda suka fi ƙarko. XP ta haɗe layin biyu a kan harsashin NT, don haka mutumin gida ya sami ƙarkon da a da sai ma'aikata ke samu.

Shekarunta na farko ba su yi daɗi ba ta fuskar tsaro. A watan Agusta na 2003 wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta da kanta, wadda aka sa wa suna Blaster, ta mamaye kwamfutoci masu ɗimbin yawa, a 2004 kuma wata mai suna Sasser ta biyo bayanta. Masana suna kiran irin waɗannan da sunan tsutsa, domin ba sa jiran mutum ya danna wani abu kafin su ratsa daga wata na'ura zuwa wata. Martanin Microsoft shi ne babban ƙunshin gyara na biyu, Service Pack 2, wanda ya fito a watan Agusta na 2004, ya kunna katangar tsaro ta cikin manhajar tun daga farko, ya kuma sake fasalin sassa da dama. Daga nan XP ta zauna da gindinta, jama'a suka amince da ita.

Abin da ya tsawaita rayuwarta shi ne tuntuɓen magajiyarta. Windows Vista ba ta iso kasuwar jama'a ba sai a watan Janairu na 2007, fiye da shekara biyar bayan XP, kuma da ta iso sai aka tarar tana da nauyi, tana buƙatar ƙwaƙwalwar na'ura mai yawa, kuma na'urorin buga takardu da sauran kayan aiki da yawa sun ƙi tafiya da ita. Kamfanoni suka ƙi ta. A daidai wannan lokaci ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu arha suka cika kasuwa, kuma ba su da ƙarfin ɗaukar Vista, sai Microsoft ya amince a ci gaba da ɗora musu XP har zuwa watan Oktoba na 2010. Ko da Windows 7 ta fito a watan Oktoba na 2009 ta kuma sami karɓuwa, XP ta riga ta shiga ko'ina. Wannan ne ya sa kulawar da aka yi mata ta kai shekara 12 da rabi maimakon 10.

Abin da ya hana ƙaura

Yana da sauƙi a ɗora laifin kan sakaci, amma dalilan sun fi haka zurfi. Na farko shi ne manhajojin aiki. Ma'aikatu da dama sun kashe kuɗi masu yawa an rubuta musu manhajojin biyan albashi da na ajiyar bayanan ma'aikata waɗanda ba sa aiki sai da Internet Explorer 6, wato manhajar shiga intanet da ta zo tare da XP. Sauya babbar manhaja yana nufin sake rubuta waɗannan duka, wani lokaci ma kamfanin da ya rubuta su ya daɗe da rushewa.

Na biyu shi ne na'urorin da kwamfuta ke zaune a cikinsu. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, ko injin gwajin jini, ko injin masana'anta, ana sayensu ne don su yi shekara 15 ko 20, kuma kwamfutar da ke sarrafa su an gwada ta an ba ta lasisi a kan wata manhaja takamaimai. Asibiti ba ya da ikon sauya ta da kansa ba tare da izinin kamfanin da ya ƙera na'urar ba, kuma ba ya iya jefar da na'urar miliyoyin kuɗi da ke aiki lafiya saboda manhajar cikinta ta tsufa. Haka abin yake ga na'urorin cirar kuɗi na ATM, waɗanda a farkon 2014 mafi yawansu a duniya suna kan XP.

Na uku shi ne yadda ake tsara kasafin kuɗi. Shugaban asibiti da ke da zaɓi tsakanin ɗaukar ma'aikatan jinya da sauya kwamfutocin da ba su lalace ba, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi na farko. Amfanin sauyawar ba ya ganuwa, domin abin da ake saya da kuɗin shi ne masifar da ba ta auku ba.

Wani abu da ya faru a Faransa ya nuna iyakar da wannan ɗabi'a ke iya kaiwa. A watan Nuwamba na 2015 an dakatar da tashi da saukar jirage na ɗan lokaci a filin jirgin sama na Orly da ke Faris, bayan da tsarin da ke isar da bayanan yanayi ga matuƙa ya lalace a ranar da hazo ya rufe filin. Tsarin yana aiki ne a kan Windows 3.1, manhajar da ta fito a 1992. Matsalar tsohuwar manhaja ke nan ta wata fuskar: ko babu mai kutse, masu iya gyara ta suna ƙarewa, kayan gyaranta ma suna ɓacewa daga kasuwa.

Hanyoyin da aka bi bayan 2014

Masu hali sun sayi ƙarin lokaci. Gwamnatin Birtaniya ta biya Microsoft kimanin fam miliyan 5.5 domin ya ci gaba da ba ma'aikatunta faci na shekara ɗaya, ciki har da hukumar lafiya ta ƙasa, NHS. Gwamnatin Holan ta ƙulla irin wannan yarjejeniya, a 2015 kuma rundunar sojan ruwa ta Amurka ta sanya hannu a kan kwangilar kimanin dala miliyan 9 don wannan buƙata. Yarjejeniyar Birtaniya ta ƙare a watan Afrilu na 2015 ba a sabunta ta ba, aka bar kowace hukuma ta san yadda za ta yi da kanta.

Wasu masu amfani da ita a gida sun bi ta bayan fage. Akwai wani reshe na XP da aka yi don na'urorin karɓar kuɗi na shaguna, mai suna Windows Embedded POSReady 2009, wanda wa'adinsa bai ƙare ba sai watan Afrilu na 2019. A watan Mayu na 2014 aka gano cewa da ɗan canji a rajistar kwamfuta, XP ta gida za ta iya yin shigar burtu ta karɓi facin wannan reshe. Microsoft ya yi gargaɗi cewa ba a gwada facin a kan XP ta gida ba, amma mutane da yawa sun ci gaba da yi.

Akwai kuma waɗanda suka yi shiri tun da wuri. Rundunar jandarmomin Faransa ta fara ne da sauya manhajojin ofis da na shiga intanet zuwa OpenOffice da Firefox, waɗanda ke aiki a kan Windows da Linux baki ɗaya. Da ma'aikata suka saba da su, sai a 2008 rundunar ta yanke shawarar mayar da kwamfutocinta kan Ubuntu, wani nau'in Linux, aka yi ta yin ƙaurar sannu a hankali har ta shafi dubun dubatar na'urori. Hikimar tsarin ita ce an fara kwance igiyoyin da suka ɗaure ma'aikata da tsohuwar manhajar kafin a taɓa ita kanta.

Kaso mafi girma kuwa bai yi komai ba. Shekara ɗaya ta wuce, biyu suka wuce, babu wata babbar masifa, har wasu suka fara ɗaukar gargaɗin a matsayin dabarar sayar da sababbin kaya.

Juma'a, 12 ga Mayu, 2017

Asalin abin da ya faru a wannan rana yana komawa ga wata kafa a tsarin da Windows ke amfani da shi wajen musayar fayiloli tsakanin kwamfutoci, wato SMB, wanda sigarsa ta farko ta samo asali tun shekarun 1980. An ƙera wani makamin kutse mai suna EternalBlue don shiga ta wannan kafa, kuma an danganta ƙera shi ga hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA. A ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da faci mai lamba MS17-010 ya toshe kafar a manhajojin da yake kulawa da su. XP ba ta cikinsu. Wata ɗaya bayan haka, a ranar 14 ga Afrilu, wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa makamin a intanet, kowa ya iya ɗauka.

A ranar 12 ga Mayu wata tsutsa mai suna WannaCry ta ɓulla ɗauke da wannan makami. Idan ta shiga kwamfuta sai ta kulle fayilolinta, ta nuna saƙon neman fansar dala 300 a kuɗin intanet na Bitcoin, tare da barazanar ninka kuɗin bayan kwana uku, sannan ta laluba sauran kwamfutocin da ke haɗe da wannan ta afka musu. Hukumar ƴan sandan Tarayyar Turai, Europol, ta ce harin ya shafi fiye da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe 150. Kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifaniya ya kamu, kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa, allunan sanarwa na tashoshin jiragen ƙasa na Jamus suka koma nuna saƙon neman fansa.

A Ingila abin ya taɓa marasa lafiya kai tsaye. Binciken ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitoci 236 na Ingila sun shiga matsala, tare da ƙananan asibitocin unguwa kusan 600. An ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, kuma asibitoci biyar sun riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Likitoci suka koma biro da takarda. Daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92.

Abin da ya taƙaita ɓarnar ya zo ne ta hannun wani matashin mai bincike ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, mai shekara 22. Ya lura cewa tsutsar tana neman wani dogon adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba kafin ta fara aiki. Ya yi wa adireshin rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai ya zamana cewa da zarar adireshin ya amsa, tsutsar takan tsaya. Cikin sa'o'i kuma Microsoft ya karya ƙa'idarsa, ya fitar da facin kyauta ga XP da Windows 8 da Windows Server 2003, duk da cewa wa'adinsu ya wuce. Kafin ƙarshen shekarar gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa, ita kuwa ta musanta.

Abin da bincike ya gano

A kwanakin farko jaridu da dama sun ɗora laifin duka a kan XP. Da ƙura ta lafa sai alƙaluma suka nuna wani abu dabam. Kamfanin tsaro na Kaspersky ya ba da rahoto cewa kimanin kashi 98 cikin ɗari na kwamfutocin da ya ga sun kamu suna kan Windows 7 ne, manhajar da a lokacin take da sauran wa'adi, wadda kuma facinta ya yi wata biyu da fitowa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa sau da yawa idan tsutsar ta afka wa XP, kwamfutar takan faɗi ta mutu kafin a kai ga kulle fayilolinta.

Haka binciken da aka yi a NHS ya tabbatar. Mafi yawan na'urorin da suka kamu suna kan Windows 7 da ba a yi wa faci ba, alhali sashen kula da fasahar sadarwa na hukumar ya aika da gargaɗi a watan Maris da Afrilu cewa a yi facin. Kwamfutocin da ke kan XP kuwa kimanin kashi biyar cikin ɗari ne. Kafin harin an duba shirin tsaro na hukumomin asibitoci 88, babu ko ɗaya da ta ci jarrabawar, kuma babu wata hanya da ma'aikatar lafiya ke bi ta tabbatar an aiwatar da gargaɗin da ake aikawa.

Wannan bai wanke XP ba. Kafar tana jikinta, kuma har zuwa ranar harin babu facin da Microsoft ya fitar wa talaka mai amfani da ita a hukumance. Tsirar da ta yi sa'a ce ta kuskuren waɗanda suka rubuta tsutsar. Abin da binciken ya fito da shi shi ne cewa kwamfutar da wa'adinta ya ƙare da wadda ake aiko wa faci ba a ɗorawa, matsayinsu ɗaya a wurin mai kutse. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a asibitocin Ingila tsagar ta samu ne a inda babu wanda aka ɗora wa alhakin sanin adadin na'urorin da ke akwai, da abin da ke kansu, da ranar da aka yi musu gyara na ƙarshe.

Bayan XP

Microsoft ya sake fitar wa XP faci na gaggawa a watan Mayu na 2019, saboda wata kafa da aka sa wa suna BlueKeep, wadda aka ji tsoron za ta haifar da irin ta'asar WannaCry. Irin wannan agaji ganin dama ne na kamfani, babu wanda zai iya gina tsaronsa a kansa. Wa'adin Windows 7 ya ƙare a ranar 14 ga Janairu, 2020, aka sayar wa kamfanoni ƙarin kulawa har zuwa Janairu na 2023. Na Windows 10 kuma an sanya shi a ranar 14 ga Oktoba, 2025, da wata sabuwar matsala: Windows 11 tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma na'urar sarrafa bayanai ta baya-bayan nan, don haka kwamfutoci da yawa masu lafiya ba su cancanci hawa kanta ba.

Duk lokacin da irin wannan wa'adi ya cika, kamfanonin Turai da Amurka sukan sauke tsofaffin kwamfutocinsu, wani kaso daga ciki kuma yakan biyo jiragen ruwa zuwa tashoshin Legas da Kwatano da Lome da Tema, ya ƙare a kasuwannin kayan gwanjo, daga nan ya shiga makarantu da shagunan buga takardu da ƙananan asibitoci. Mai sayen irin wannan kwamfuta yakan duba batir da allo da girman ma'ajiya, ba kasafai yake tambayar ko manhajar da ke kanta tana karɓar faci ba.

Matakan da masana suka fitar daga wannan tarihi ba su da tsada sosai. Na'urar da dole ta zauna a kan tsohuwar manhaja, kamar injin gwaji na asibiti, ana raba ta da intanet da sauran kwamfutocin ofis, a kuma taƙaita sanya mata filas. Wadda aikinta rubutu ne da shiga intanet ana iya ɗora mata wani nau'in Linux mara nauyi da har yanzu ake kulawa da shi. Muhimman fayiloli ana ajiye kwafinsu a wata ma'ajiya da ba ta haɗe da kwamfutar, domin wanda ke da kwafi ba ya biyan fansa. Wadda ke da sauran wa'adi kuwa a bar ta ta karɓi facinta a kan kari. Asibitocin Ingila da suka ɗora facin watan Maris na 2017 kafin ranar 12 ga Mayu, tsutsar ba ta sami hanyar kulle kwamfutocinsu ba.